Muryoyi ɗari, umarni ɗaya: yadda ake sauya fayilolin sauti a dunƙule ba tare da hujja ta salwanta ba

Duk wanda ya taɓa riƙe aikin rubuta bayanan taro a wata ma'aikatar tarayya, ko ya yi hadimanci ga ɗan majalisa, ya san irin tarkacen da ke taruwa a kwamfutarsa bayan an tashi daga zaman kwana biyu. Rikodar ofis ta ɗauki nata. Wani darakta ya naɗa da iPhone ɗinsa saboda bai yarda da rikodar ba. Jami'an da ke jihohi sun aiko da rahotanninsu ta saƙon murya na WhatsApp, guda arba'in ko hamsin, kowanne minti biyu. Idan aka tattara su wuri guda sai a tarar wasu sunayensu sun ƙare da wav, wasu m4a, wasu opus, har da amr daga wayar wani da ya ƙi rabuwa da tsohuwar Nokia. Kwamfutar mai buga rahoto ta buɗe rabi, ta ƙi rabi. Ranar Juma'a ce da yamma, kuma Babban Sakatare yana jiran rahoton a teburinsa safiyar Litinin.

A irin wannan hali mafi yawan mutane hanya biyu suke bi. Wasu su zauna suna sauya fayil ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. Wasu kuma su garzaya intanet, su loda komai a wani shafin da ya yi alkawarin sauyawa kyauta. Ta farko ɓata lokaci ce kawai. Ta biyu tana iya jawo wa ma'aikaci takardar tuhuma, kuma zan dawo kanta.

Dalilin wannan rarrabuwa shi ne kowane nau'in fayil da buƙatar da aka ƙirƙire shi dominta. WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana ajiye sauti yadda aka ɗauke shi, ba a rage komai ba, shi ya sa yake da nauyi: a ingancin faifan CD, minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, awa ɗaya ta haura megabait 600. MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin samar da shi a farkon shekarun 1990, yana zubar da sassan sautin da aka yi ƙiyasin kunnen ɗan Adam ba zai yi kewarsu ba, sai awar nan ta koma kimanin megabait 58 a ma'aunin kilobit 128. Wayoyin Apple suna naɗa da m4a. WhatsApp yana amfani da Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, kuma a gaskiya ya fi MP3 iya riƙe muryar mutum a ɗan ƙaramin wuri. Abin da MP3 ya fi su da shi guda ɗaya ne: babu na'urar da ba ta san shi ba, daga tsohuwar kwamfutar rajista har rediyon mota. Haƙƙin mallakarsa ma ya ƙare tun 2017.

Akwai dabarar da ta yaɗu a ofisoshi, ta goge opus a ƙarshen suna a rubuta mp3. Wannan daidai yake da sauya rubutun bangon fayil alhali takardun ciki suna nan yadda suke. Wani lokaci manhaja mai wayo takan leƙa ciki ta gane ta buɗe, sai mutum ya ɗauka dabararsa ce ta yi aiki. Idan ya tura wa wani, sai a dawo masa da shi.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta kafin a taɓa komai shi ne abin da aka zubar ba ya dawowa. Ma'aikacin gwamnati ya san fotokwafin fotokwafi: wasiƙar da aka kwafa daga kwafi sau huɗu, har tambarin ya zama baƙin ɗigo, sa hannun ya dushe. Haka sauti yake. Duk lokacin da aka sauya daga wani matsattsen nau'i zuwa wani, misali daga Opus zuwa MP3, sai an ƙara yin asara kaɗan. Mayar da MP3 zuwa WAV kuma ba ya gyara komai, fayil ɗin kumbura kawai zai yi. Sau ɗaya ba laifi, kunne ba zai ji bambanci sosai ba. Sau uku ko huɗu, muryar mai magana daga ƙarshen tebur takan fara narkewa cikin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Na koyi wannan ne da tsada. Shekarun baya, a wani ɗakin labarai da na yi aiki, na matse tarin hirarrakin da wakilanmu suka ɗauko zuwa mafi ƙarancin ma'auni domin wuri ya cika a kwamfutar, na kuma goge na asalin. Bayan makonni wani da aka yi hira da shi ya musanta adadin kuɗin da muka ce ya faɗa. Da Turanci aka yi hirar, kuma a Turanci ƙarshen kalma kaɗai ke raba goma sha biyar da hamsin. Muka saurara har sau goma, mu huɗu, biyu suka ji wannan, biyu suka ji wancan. Dole muka buga gyara a kan abin da har yau nake zaton daidai muka rubuta shi.

Saboda haka matakin farko ba na fasaha ba ne. A buɗe folda guda a sa mata suna asali, a zuba komai a ciki yadda ya zo, a yi kwafinta a wani wuri dabam, sannan a yi aiki a kan kwafin. Kada kuma a yi gaggawar sauya sunayen. Saƙon muryar WhatsApp da aka ciro daga wayar Android yakan zo da suna mai farawa da PTT, sai shekara da wata da rana a jere, sai lamba. Sunan ba kyau, amma sau da yawa shi kaɗai ne shaidar ranar da saƙon ya shigo, domin sabon fayil ɗin da aka sauya ranar da aka sauya shi zai ɗauka.

Daga nan sai zaɓen kayan aiki, kuma uku sun isa, duk kyauta ne. Mafi sauƙi shi ne VLC, manhajar nan mai alamar mazugi mai ruwan lemo da yawancin mutane ke kallon fim da ita ba tare da sanin tana sauya fayil ba. A ƙarƙashin Media akwai Convert / Save. A zuba fayilolin gaba ɗaya, a zaɓi Audio - MP3, a danna Start, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye sababbin kusa da tsofaffin. Tana da aibi: idan wani fayil ya ƙi, ba kullum take faɗa a fili ba. Ta biyu ita ce fre:ac, wadda domin wannan aikin kaɗai aka yi ta, kuma tana barin mutum ya zaɓi foldar da sababbin za su shiga da yadda za a tsara sunayensu. Wanda zai riƙa yin aikin kowane mako kuma ba ya son rubuta umarni, ita zan ba shi shawara.

Ta uku ita ce FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Ba ta da maɓallai ko hotuna, baƙin allo ne kawai da ake rubuta umarni, shi ya sa take tsorata mutane. Amma ita ce injin da ke cikin manhajoji da shafukan sauya fayil da yawa, har da waɗanda ke karɓar kuɗi. A Windows, idan an saka ta, sai a buɗe Command Prompt a cikin foldar da saƙonnin suke, a ƙirƙiri wata ƙaramar folda mai suna mp3, a rubuta wannan layi:

for %f in (*.opus) do ffmpeg -i "%f" -ac 1 -b:a 64k "mp3\%~nf.mp3"

Ma'anarsa a taƙaice: ɗauki kowane fayil da ya ƙare da opus, mayar da shi MP3 mai layin sauti ɗaya a ma'aunin kilobit 64, ajiye shi a foldar mp3 da sunansa na asali. Idan m4a ne ko amr, kalmar da ke cikin baka kawai za a sauya. Saƙonni ɗari na minti biyu-biyu sukan ƙare kafin a sha shayi. Wanda yake so ya adana layin a fayil mai ƙarewa da bat domin ya riƙa dannawa kawai, sai ya ninka kowace alamar % ta zama biyu, in ba haka ba umarnin ba zai yi aiki ba.

A kan ma'auni, magana ba kiɗa ba ce. Kilobit 64 a layi ɗaya ya wadatar wa taro, kuma awa guda takan zama kusan megabait 29. Sai dai Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a manne da wasiƙa, saboda haka mai son aika zaman awa ɗaya ta imel sai ya sauko zuwa 48, wanda zai ba shi kusan 22. Ƙasa da haka ban yarda da shi ba ga duk naɗin da aka ambaci kuɗi ko sunaye a ciki. Domin ajiya ta dogon lokaci kuwa, idan asalin WAV ne, a mayar da shi FLAC, wanda ke rage nauyi zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. Akwai kuma fayilolin DS2 na wasu rikodojin Olympus, waɗanda galibi sai da manhajar kamfanin ake buɗe su. Kada a ɓata dare ana kokawa da su a VLC.

Bayan an gama a ƙirga. Idan saba'in suka shiga, saba'in ya kamata su fito. A kuma duba tsawon kowanne, domin idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, fayil ɗin da ake kai yakan fito da sunansa lafiya ƙalau amma rabin maganar babu.

Sai batun shafukan intanet masu sauyawa kyauta. Abin da ke faruwa idan aka danna maɓallin lodawa shi ne naɗin ya bar ofis, ya bar Abuja, ya sauka a wata kwamfuta da ba a san mai ita ba, ba a san ƙasar da take ba. Alkawarin da shafin ya rubuta cewa zai goge bayan wasu awoyi, babu hanyar tabbatar da shi. Idan naɗin na zaman kwamitin ladabtarwa ne, ko na tantance 'yan kwangila, ko hirar da aka yi da mai ƙorafi, to ma'aikacin ya miƙa bayanin gwamnati ga baƙo da hannunsa. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba, kuma ma'aikata suna rantsuwar riƙe sirri. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, kuma muryar mutum tana faɗin sunansa da matsalarsa bayanansa ne. Ban da wannan, a watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI na birnin Denver a Amurka ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna amfani da irin waɗannan shafuka wajen cusa mugayen manhajoji a kwamfutocin mutane. VLC da fre:ac da FFmpeg duk a cikin kwamfutar suke aiki, ko an cire intanet.

Wani zai ce kwamfutar ofis a kulle take, ba ta barin a saka sabuwar manhaja. Gaskiya ne a wurare da yawa, kuma da dalili aka kulle ta. Amsar ita ce a rubuta wa sashen fasahar sadarwa buƙata a hukumance, layi uku sun isa, a kuma sauke manhajar daga shafin masu ita. Kwashe naɗin a filas a kai shagon kwamfuta a kasuwar Wuse ko Banex bai fi lodawa a intanet aminci ba, domin yaron shagon ma kwafa zai yi zuwa tasa kwamfutar kafin ya sauya.

Hadimai musamman su lura da abu guda. Naɗin da yau ake ɗauka tunatarwa ce kawai ga mai buga rahoto, gobe yana iya zama abin da za a nema a gaban kwamitin bincike ko kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar hujjar da ta fito daga kwamfuta, ciki har da takardar shaida mai bayyana yadda aka samar da ita da na'urar da aka yi amfani da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tambayi wanda ya sauya fayil ɗin, da me ya sauya, yaushe, kuma ina na asalin. Hadimin da ya ajiye foldar asali, ya kuma rubuta a ɗan fayil na rubutu cewa ranar kaza ya sauya fayiloli kaza daga Opus zuwa MP3 da manhaja kaza, yana da amsa. Mai son ƙarin tabbaci yana iya buɗe PowerShell ya yi amfani da umarnin Get-FileHash a kan na asalin tun ranar da suka shigo: zai ba shi doguwar lamba ga kowane fayil, wadda za ta canza idan aka taɓa ko da daƙiƙa ɗaya a ciki. Sai a buga lambobin a takarda, a sa hannu da kwanan wata, a saka a fayil ɗin taron tare da takardar halarta.