Ƙanƙarar da Ke Ɓoye a Tsakanin Taurari

A watan Janairun 2023 masana suka bayyana abin da na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano a cikin wani baƙin gajimare mai suna Chamaeleon I, wanda sai haske ya yi tafiyar shekara kusan 630 kafin ya iso mu daga can: ƙanƙarar ruwa, da amoniya, da metan, da metanol, duk daskare a jikin ƙwayoyin ƙura. Babu wanda ya je ya ɗebo su. Hasken taurarin da ke bayan gajimaren aka tara, aka warware shi zare-zare, aka duba inda ya yi giɓi. Hasken kuwa na infared ne, wanda ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ya warware haske zuwa launuka, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da launin ja, ya ga zafin ya ƙaru. Kowace ƙwayar sinadari tana da irin karkarwarta, kuma tana shanye hasken da ya dace da karkarwar. Ƙanƙarar ruwa tana barin giɓinta a hasken da tsawon zangonsa yake wajen maikiron 3, ta kabon dayoksaid a kusan 4.3. A ganina, wanda bai karanta waɗannan giɓoɓi ba, rabin labarin sararin samaniya kawai ya ji.

Za a ce ai na'urorin hangen nesa na rediyo sun riga sun gano mafi yawan sinadaran da aka sani a can, kuma daga doron ƙasa, ba tare da an kashe dala biliyan 10 ba. Haka ne. Sai dai rediyo juyawar ƙwayar da ke yawo cikin iska take kamawa, wadda ta daskare kuwa ba ta juyawa. Alhali a jikin ƙurar nan, cikin sanyin da ya kai digiri 260 ƙasa da sifili, aka fi haɗa ruwa da metanol, kayan da daga baya suke shiga ginin duniyoyi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne giɓoɓin ƙanƙara faffaɗa ne, suna hawa kan juna, har mai nazari na iya ganin abin da ransa ke so. Dole a ɗauki wannan da gaske. Shi ya sa a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ake daskarar da sinadaran a ɗakin gwaji cikin irin wannan sanyi, a haska musu infared, a kwatanta da abin da Webb ta aiko. Inda giɓi ɗaya tak ya yi daidai, masu taka-tsantsan "wataƙila" suke rubutawa, sai an samu na biyu da na uku sannan su kira sinadarin da sunansa.