Uwa ta fita nema, wa ya ɗauki goyon?

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, mata da yawa sun samu jarin da a da ba su ko mafarkinsa. Wata na tuyar mai da ƙuli-ƙuli, wata awara, wata kiwon ragon layya, wata sarin albasar Galmi. Alhamdu lillahi. Sai dai akwai abin da magatakarda ba ta rubutawa a littafin asusu, wato lokaci. Jari ya ƙaru, sana'a ta ƙaru, amma yini na nan yadda yake. Daka, ɗebo ruwa, itace, wanki, sanwa, kai yaro awo, babu wanda aka ɗauke mana.

Matar da ke aiki a kamfani ko wata ƙungiya, dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, sannan awa guda kowace ranar aiki don shayarwa. Kada mu yi mata hassada, don in hutun ya ƙare ita ma tana rasa wurin aje jinjiri. Mafi yawa sai ta aika ƙauye a kawo mata ƴar raino. To, ƴar rainon nan ɗiyar wata ce daga cikinmu.

Mu masu sana'ar hannu kuwa, hutunmu wankan jego ne. Wata ma ba ta cika arba'in take komawa bakin kasko, saboda ranar biyan bashi ba ta san an yi haihuwa ba. Likita na cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa kar a ba yaro. Gaskiya ne. Amma ki gaya mini yadda mai zuwa kasuwar ƙauye tun hantsi har la'asar za ta yi, in ba ta tafi da shi a baya cikin rana da ƙura ba.

A nan ne nauyin ke sauka kan babbar ɗiya. Da safe ta ɗauki tiren talla, ta iso makaranta an riga an shiga aji. Ranar kasuwa ba ta zuwa sam, tana gida da ƙanne. Yau fashi, gobe fashi, ƙarshen shekara ta faɗi, sai mu ce ba ta da kai. Tana da kai, barci ne da gajiya. Ɗan'uwanta namiji kuwa yana can yana ƙwallo, ba mai ce masa ya riƙe ƙaninsa. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴaƴa mata, amma doka ba za ta shigo gida ta karɓi goyo ba. Ribar jika biyu ko uku a wata, in da karatun ɗiya aka saye ta, ni dai a ganina ta yi tsada.

Ƴan uwa, ƙa'idojin ƙungiya mu muka tsara su da bakinmu, muna iya gyara su. Me zai hana a ɗaga wa mai jego biyan bashi har ta yi arba'in, ba tare da ƙarin riba ba? Tarar makara fa, dole ne a ci wadda ta kwana asibiti da yaro? Mata huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suna iya yin karɓa-karɓar raino ranar kasuwa, ko a samu dattijuwa mai amana a riƙa ba ta wani abu daga asusun taimako. Kuma ba kowane rance ne sai na ƙarin haja ba. Kuɗin niƙa, ko kurar ɗebo ruwa da za a haɗa a saya, suna maido wa mace awoyin da ta saba ɓatarwa a turmi da bakin rijiya.

Maganar maigida ita ce mai wuya. Wasu mazan da sun ga mace ta fara samu sai su sakar mata cefane da sabulu da kuɗin magani, aikin gida kuma ko tsinke ba su ɗauka. Faɗa ba ya gyara wannan. Ranar rabon asusu, lokacin da kowa ke cikin fara'a, a gayyato su tare da liman da mai gari, a buɗe littafi su ga inda kuɗin suka tafi, a kuma roƙe su abu guda bayyananne: kai yaro rigakafi, ko ɗauko ruwa da amalanke.

A zama mai zuwa, kafin a buɗe akwati, shugaba ta tambayi kowace mace wa ta bar wa yara yau. Magatakarda ta ƙirga sau nawa aka ambaci ɗiyar da ya kamata a ce tana aji.