Jirgin Ƙasa A Kan Falanki: Yadda Muka Fara Gina Ɗan Ƙaramin Layin Dogo A Gida

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ya kai intaha, yaron gidanmu ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana ta murza gefen rigarsa. Ɗan fari ne, don haka ku yi min uzuri, sunansa ba zai fito daga bakina ba. Shekararsa 11 a lokacin. Sai da na tambaye shi sau uku sannan ya ce, "Umma, in na yi fitsari, jini nake gani a ƙarshe."

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ƙasar Kura nake aiki, kuma wannan magana na sha jin ta daga bakin 'ya'yan wasu, na sha yi wa iyayensu faɗa a kanta. Ranar nan sai ga ta a cikin gidana. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, babu ciwo babu alama. Har yanzu akwai masu ɗaukar jinin a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara. Maganinta praziquantel, ana bayar da shi bisa nauyin yaro ko tsayinsa, yana kuma aiki. Sai dai ba ya hana a sake kamuwa. Yaron da ya sha magani yau ya koma ruwa gobe, an koma gidan jiya.

To ina zan kai shi? Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke biyowa ta Ruwan Kanya ya shigo kanal-kanal ɗin Bunkure da Kura da Garun Malam shi ne abincinmu. Shinkafa, tumatir, albasa, alkama, duk albarkarsa ce. Babansa ma noman rani yake yi. Ba a ce wa yaron Kura ya yi gaba da ruwa. Abin da nake nema kawai shi ne abin da zai riƙe shi a gida tsakanin tashi daga boko da la'asar, da kuma ranakun Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, domin lokacin ne su da abokansa suke tuɓe riga su faɗa kanal. Waya kuwa ba na so. Na ga yadda take mayar da yara.

Amma abin dariya, a wayar tawa ya gano abin. Wani dare ya kawo min bidiyon wani jirgin ƙasa da bai kai yatsana kauri ba, yana zagaya wani ɗan gari mai tasha da gada da bishiyoyi, duka a kan teburin cin abinci. Ya ce, "Umma, saya min." Na ce bari dai in bincika tukuna.

Ashe sha'awa ce babba a duniya, kuma manya sun fi yara yin ta. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda tsawon ƙananan layukan dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15. Abin da ya bambanta wannan da jirgin roba da ake sayarwa a kasuwa abu ɗaya ne: ma'auni. Komai ana rage girmansa ne da lissafi guda, daga kan jirgi har akuyar da ke kiwo a gefen dogo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ake kira HO, inda ake rage abu sau 87, amma wannan yana son fili. Ƙananan su ne uku. Akwai N, ragi sau 160, tazarar ƙarafan dogonsa milimita 9, daga kalmar tara ma a Turanci da Jamusanci ya samo harafinsa. Akwai Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, ragi sau 220, tazara milimita 6.5, ƙaramin zagayensa zai zauna a kan babban farantin tuwo. Sai autansu, T, da aka fara nunawa a Japan a 2006, ragi sau 450, tazara milimita 3 kacal. Saboda rashin nauyinsa, da mayen ƙarfe ake yin ƙafafun kan jirgin don su kama dogo.

Shi T ɗin nan yaron ya ƙwallafa rai a kai, ni kuma na ƙi. A wannan ma'auni cikakken mutum bai kai milimita 4 ba, wato bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Hannun yaro ɗan shekara 11 ba zai iya sassaƙa shi ba, kuma ƙurar hunturu ta yini ɗaya ta isa ta tsayar da jirgin. Ga duk mai farawa a irin ƙasarmu, N nake ganin ya fi. Ƙarami ne da zai zauna a kan falanki mai tsawon santimita 90 da faɗin 60, a tura shi ƙarƙashin gado, amma bai yi ƙanƙantar da zai gagari ido da yatsa ba.

Da na ga kuɗin, jikina ya yi sanyi. Daga waje ake yin odarsu, da dala, ga kuɗin kawowa. Albashin nas ba na wannan ba ne, balle a saya wa yaron da ƙila bayan sati biyu ya gaji. Sai na yi masa sharaɗi: ya fara gina garin da layin da hannunsa, da ma'auni na gaskiya. In ya jure, a yi maganar jirgi.

A nan kakansa na wajen uba ya shigo. Da ya ji abin da ake ciki, dariya ya yi ya ce, "Jikalle, wannan ai motar kara ce ta yi boko." Ya aika aka kawo karan dawa, ya zauna a zaure ya nuna masa yadda ake ɓare ɓawon karan siri-siri, a yanka totuwar, a soka wannan cikin wancan ba tare da gam ba, kamar yadda suka yi a ƙuruciyarsu kafin zuwan motar langa-langa. Yana aiki yana ba shi labarin jirgi. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, shi ne kuma ya sa gyaɗa ta zama abin da ta zama har aka yi dalar gyaɗa. Tsohon layin ya taso daga Kano ya bi ta Challawa da Madobi, maƙwabtanmu, ya nufi Zariya. Tsohon ya ce suna samari har ƙafa suke takawa don kawai su ga wucewarsa. Yaron kuwa bai taɓa ganin jirgi yana tafiya ido da ido ba, ko da yake tun 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi.

Ginin farko ya lalace, kuma laifin na rashin haƙuri ne. Bai auna komai ba. Saniyar da ya yi da yumɓu ta fi tashar tsawo, taragon kwalin ashana ya fi hanyarsa faɗi. Ya yi fushi ya tafi. Washegari na ba shi rula da wani tsohon littafin rubutu, muka zauna. Ƙa'idar ɗaya ce: auna abin gaske da santimita, ka raba da 160. Mutum mai tsawon santimita 170 ya dawo santimita 1 da 'yan kai. Ƙofa mai mita 2 ta dawo santimita 1.25. Ɗaki mai mita 4 ya dawo 2.5. Akuya kamar milimita 4. Tarago mai mita 20 ya dawo santimita 12.5, faɗinsa kuma bai cika santimita 2 ba, shi ya sa kwalin ashana ba ya shiga sai an tsaga shi biyu ta tsawo. Ya lissafa hekta ɗaya ta gonar babansa, mita 100 kowane gefe, ya ga za ta ci santimita 62.5, wato kusan duk falankin, sai ya haƙura da fala biyu ta shinkafa. Yaron da sai an yi da gaske yake taɓa aikin gida na lissafi, sai ga shi yana bin ƙannensa da tef ɗin tela yana auna su.

Kayan da muka yi amfani da su babu wanda ya fi ƙarfin kowa. Falankin wajen kafinta muka samo, ragowar aiki. Tsinken ashana da aka yanka santimita 1.5 shi ne katakon da ake ɗora dogo a kai, ɓawon kara shi ne ƙarfen, a liƙa biyu da tazarar milimita 9. Yashi mai laushi da aka tankaɗe aka haɗa da farin gam na kafintoci ya zama tsakuwar gefen layi. Dussar katako da aka rina kore ta zama shinkafa, soson katifa da aka yayyage aka ɗora a kan tsinken tsintsiya ya zama darbejiya da mangwaro. Gidaje da kwali, a shafe su da jar ƙasa. Kanal kuwa, fenti shuɗi da farar leda a sama. Hantsaki ɗaya na saya masa a kemis, domin da yatsa ba a ɗaukar mutum mai santimita ɗaya.

Wata biyar ya yi a kai. Ganin haka, na roƙi ƙanena da ke karatu a waje ya nemo mana na hannu, kan jirgi ɗaya da tarago biyu da layi mai zagaye. Ɗan Japan ya samo, kuma a nan na koyi wani abu: yawancin tsofaffin layukan Japan tazararsu milimita 1,067 ce, daidai da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, saɓanin milimita 1,435 na sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Su 'yan Japan sau 150 suke rage irin waɗannan jiragen nasu, amma a kan dogon milimita 9 ɗin dai suke tafiya, kuma bambancin bai kai ido ya lura ba. Muka ɓamɓare layin kara muka shimfiɗa na ƙarfe a gurbinsa.

Wanda zai saya ya kula da abu biyu. Ta cikin ƙarafan dogon wuta ke bi ta shiga ƙafafun jirgin, ƙarfinta bai wuce bolt 12 ba, amma abin da ake sakawa a soket ɗin bango wani na wutar Japan ko Amurka ne, wadda kusan rabin tamu ce, don haka a karanta jikinsa kafin a jona. Mu mai gyaran rediyo ne ya haɗa mana da batirin solar gidan. Na biyu, ƙura. Ranar farko ta hunturu jirgin ya dinga tafiya yana cijewa, yaron ya zaci ya mutu. Datti ne kawai a kan dogo. A goge da ƙyalle mai tsafta da ɗan sifirit, ban da auduga, domin zarenta yana naɗewa a ƙafafun. Mun yi wa falankin murfi da kwalin firji.

Sai abin da aikina ba zai bar ni in tsallake ba. Waɗannan ƙananan kaya ba na gidan da mai rarrafe ke yawo ba ne sai da tsaro. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kai wa. Mafi haɗari shi ne batirin agogo mai kama da maɓalli, wanda ake sakawa a ƙananan fitilu: idan ya maƙale a maƙoshi, cikin kamar awa biyu zai iya ƙona hanyar abinci. Mayen ƙarfe biyu da aka haɗiye kuma suna iya kamo juna ta cikin hanji su huda shi. Ko wanne ya faru, asibiti nan take, kar a jira a ga alama, kar a sa yaro amai. Reza a hannun babba take zama. Gwangwani mai tsatsa mun cire shi daga cikin kayanmu gaba ɗaya, wanda kuma ya yanke da shi a duba maganar allurar tetanus. Sufa gulu ma na hana, na sha ganin yatsu da fatar ido da ya liƙe. Falankinmu a ɗakin babansu yake kwana, a kulle, saboda autarmu.

Ba zan ce jirgin wasa ya raba shi da kanal ba. Sau biyu na kama shi da jiƙaƙƙen wando a bazarar bana, kuma da aka zo raba maganin tsargiya a makarantarsu na tabbatar ya sha. Amma yawancin ranakun Alhamis yanzu a zauren kakansa suke yini, shi da abokai huɗu, uku a cikinsu na taɓa ba su maganin nan da hannuna. Ɗaya ya ƙware a bishiyoyi, ɗaya ya ce shi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan zai gina, da kwanduna da motocin ɗaukar kaya, in an samu ƙarin falanki.

Makon jiya ya ce gadar da ya yi wa kanal ɗinsa ba ta yi kama da ta gaske ba, yana so ya je ya auno. Na ce da sharaɗin babansa zai raka shi, kuma da takalmin roba a ƙafarsa. Sun dawo gab da magariba, wandonsa a bushe, littafin cike da lambobi. Gadar mita 6 ce, ya raba ya samu santimita 3.75, yanzu haka yana neman karan da ya miƙe sosai.