Barcin jariri da kwandon da Maori suka saƙa

Tun da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta sabunta shawararta a 2022, cewa jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6 amma a makwancinsa daban, maganar ke ta dawowa a Facebook, kuma kullum a karkace. Wasu na dariya wai Turawa sun hana uwa kwana da ɗanta, wasu kuma na tsorata masu jego ba gaira ba dalili.

Ƙa'idar dai gajeruwa ce. A kwantar da jariri rigingine, ba rub da ciki ba, a shimfiɗa mai ɗan tauri, babu matashin kai, babu bargon da zai rufe masa hanci. Haɗarin mutuwar jariri cikin barci ya fi ƙamari ga bakwaini, ko inda ake shan taba, ko uwar da barci ya sace a kujerar kushin tana shayarwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a kawo labarin ƙabilar Maori ta ƙasar Niyuzilan. Su ma da jariransu suke kwana tun kaka da kakanni, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, musamman inda uwa ta sha taba da juna biyu. An yi ta yi musu wa'azin su daina, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Sai wani likita ɗan ƙabilar, David Tipene-Leach, ya koma wajen mata masu saƙa. Wajen 2006 suka fito da wahakura, kwando mara zurfi na ganyen wata shuka tasu, da 'yar katifa siririya a ciki. A kan gadon uwa ake ajiye shi. Tana jin numfashin ɗanta, ta ɗauko shi ta ba shi nono ta mayar, amma in ta juya cikin barci gefen kwandon ne zai tare ta. Daga baya aka yi irinsa na roba aka riƙa rabawa. Tsakanin 2009 da 2015 mutuwar jariran da suka wuce makon farko ta ragu da kashi 29 cikin 100 a ƙasar, kuma masu bincike sun danganta hakan da wani shirin kiyaye barcin jarirai da kwandon ke cikinsa.

Mu nan fa? Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya ta lotsa a tsakiya, gidan sauro ɗaya, jariri tsakanin uwa da yayansa ɗan shekara 3 mai shure-shure. Da hunturu a ƙara bargo da kaskon garwashi, a toshe taga. Ce wa wannan matar ta sayi gadon jariri ɓata baki ne. Amma kaba ba ta yi mana wuya ba, masu saƙa faifai da adudu kuma suna nan a kowane ƙauye. Me ya hana ma'aikatun lafiya na jihohi su gwada irin wannan kwando, likitocin yara su auna ingancinsa, a riƙa miƙa shi ranar awo tare da gidan sauro? Ko kafin nan, ungozomar da ke koya wa mai ciki haɗa kayan haihuwa ta ƙara minti 5 ta nuna mata yadda ake kwantar da jariri.