MAI CIWON SUKARI A BAƘUNCI: AN CE KA RAGE, BA A CE KA DAINA BA

Duk wanda ya taɓa zama cikin Hausawa mazauna Kudu, ko a Uwani ta birnin Inugu, ko a Anacha, ko Fatakwal, ya san ba abin da ke haɗa kan fatake da 'yan ci-rani kamar akushi. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a yi ciyayya. Basakkwace da Bahaɗeje da mutumin Maraɗi su sa hannu cikin kwano ɗaya, ƙamshin miyar kuka ya mai da kowa gida na ɗan lokaci.

To, a cikin irin wannan zama ne akan sami wanda likita ya shaida wa cewa yana da ciwon sukari ko hawan jini. Daga ranar nan sai duniya ta yi masa ƙunci. Ya bar shayi, ya bar fura, ya bar tuwon shinkafa, ya koma cin wake da ɗanyar ayaba safe da yamma, domin haka ya ji ana faɗa a gari. In an zauna ciyayya sai ya koma gefe kamar maraya. Bayan mako biyu ko uku haƙuri ya ƙare, ya faɗa wa abincin da ya ƙaurace wa, ya ci har ya wuce ƙima, sa'an nan ya shiga zargin kansa da kwaɗayi.

Gaskiyar magana ita ce, abin ba na raunin zuciya ba ne, halin jikin ɗan Adam ne. A shekarun 1944 da 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda da kansu. Aka rage musu kusan rabin abincinsu har wata shida. Ba su da zance sai na abinci, waɗansu har suka riƙa tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi da guje wa mutane. Da aka sake su kuwa, da yawansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Watau tsananin hani shi ke haifar da tsananin kwaɗayi.

Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada cikin 1921, horon yunwa shi ne babban abin da likitoci ke iya yi wa mai ciwon sukari. Wannan zamani ya wuce. Abin da masana abinci ke koyarwa a yau shi ne awo. Sukan ce a raba faranti gida huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya kifi ko nama ko wake, kashi ɗaya kuwa tuwo ko shinkafa ko doya. Ashe ba a raba mutum da tuwonsa ba, malmalar ce aka ce ya rage, ya yawaita miyar ganye.

Ta wannan fuska mazaunin Inugu ya yi sa'a. Wanda ya shiga kasuwar Ogbete ko ta Kenyatta zai tarar da ganyen ugu da kuɓewa da yalo da kabeji. Ga kuma okpa, abincin safe na mutanen Inugu, wadda da garin gurjiyarmu ake yin ta, tana riƙe ciki ta hana yawan ciye-ciye. Zogale da rama busassu kuwa suna zuwa daga Arewa cikin motocin kaya. Amma a lura, tuwon alkama da mutane suka ɗauka magani ne shi ma yana ɗaga sukari in aka cika shi, haka nan zuma 'yar'uwar sukari ce.

Wurin da ya kamata a tsananta shi ne abin sha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga baligi lafiyayye. Kwalba ɗaya ta lemo tana iya ɗauke fiye da rabin wannan, balle ga wanda ciwo ya riga ya kama. Game da gishiri kuwa, hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai hawan jini ya tuna cewa dunƙulen magi da yajin tsire duk gishiri ne. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna iya gyara miya ba tare da an cika gishiri ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Wanda ke yin allurar insulin ko shan waɗansu ƙwayoyin sukari, in ya ƙi cin abinci don tsoro, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma a bakin shago. Saboda haka lalle ne ya ci a kan lokaci, kuma ya ga likitansa kafin watan azumi ya kama.

Sauran aikin yana hannun abokan ciyayya da uwargida. Al'adarmu ce mu matsa wa mutum ya ƙara loma, shi kuwa kunya ta hana shi ƙi. Ga mai wannan ciwo, irin wannan karamci cuta ne. Kada kuma a ware masa kwano a kusurwa kamar mai laifi. Abin da ya fi shi ne a gyara tukunyar gida duka, a rage mai da gishiri, a ƙara ganye, domin abincin da ya dace da shi ya dace da kowa. Mai shayi ma in ya san abokin cinikinsa, ya tambaye shi kafin ya zuba sukari.

Shi kuma mara lafiya, in wata rana ya zarce a wurin suna ko biki, kada ya ce ai shi ke nan komai ya lalace. Ya koma kan awonsa a cin abinci na gaba, ya ci gaba da maganinsa da zuwa asibiti. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na baƙunci, amin.