FILIN MATA: Sababbin Faya-fayan Kiɗan Jita

Yau za mu ɗan ajiye maganar girki, mu taɓa maganar kiɗa, watau irin kiɗan nan na jita da ganguna wanda Turawa suke kira rok. Akwai wani reshe nasa da ake ce wa indi, ma'ana masu cin gashin kansu, domin ba manyan kamfanonin faifai ke ɗaukar su ba. Ƙananan kamfanoni ne, ko kuwa su da kansu. Saboda haka ba mai tilasta musu su yi abin da kasuwa take so.

To, kada ki ce wannan abin Turawa ne, ina ruwanki. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan kiɗa a 'yan shekarun nan har da maƙwabtanmu Abzinawa na Jamhuriyar Nijar, kuma da mata a cikinsu. Ana cika dandali a Turai da Amurka don a ji su, mu da ke kusa kuwa ko sunansu ba mu sani ba.

Na farko da zan ba ki shawara ki nema shi ne faifan Les Filles de Illighadad, watau 'yan matan Illighadad, wani ƙauye a jihar Tawa. Shugabarsu Fatou Seidi Ghali ta koyi jita ne da ta yayanta, ita kaɗai, ba wanda ya zaunar da ita, a wurin da ake ganin jita aikin maza ne. Kiɗan matan can shi ne tande: turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya a riƙa kaɗawa, ga kuma ƙwarya a kife cikin ruwa, ga tafi da guɗa. Wadda ta taɓa zama wajen amada, ko ta ji marigayiya Barmani Coge, ba za ta ji baƙunta ba ko kaɗan. Abin da Fatou ta yi shi ne ta ɗauko waƙoƙin tande na iyaye da kakanni ta ɗora su a kan jita. Ki fara da Eghass Malan na 2017, sa'an nan At Pioneer Works na 2021, wanda aka ɗauka suna wasa a gaban jama'a a birnin New York. A ganina na 2017 ya fi daɗi. Kiɗa ne mai sanyi, ba hayaniya, kina iya saka shi kina tankaɗe ko kitso, har ma jariri ya yi barci.

Na biyu shi ne Mdou Moctar, shi ma daga jihar Tawa. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jita, kuma ta farkonsa da wayar birkin keke ya haɗa ta yana yaro. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin muryar nan ta na'ura da muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu, ya kuwa bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya. Daga baya kamfanin Matador na Amurka ya fito masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Wannan na biyun fa akwai zafi. Jitar tana kuka kamar za ta tsaga lasifika, yana kuma faɗa wa Faransa da shugabannin Afirka magana ba ɓoye-ɓoye, yana jan kunnen Abzinawa kada su yar da harshensu. In maigida ya dawo a gajiye, uwargida, ba shi za ki saka ba. Ki nemi Tears of Injustice na 2025, waƙoƙin ne dai aka sake kaɗa su a hankali.

Daga Agadas kuma akwai Etran de L'Aïr, 'yan uwan juna ne, makaɗan biki. Faifansu Agadez na 2022 na rawa ne zalla, ya dace da ranar suna ko wuni.

'Yan makaranta na san za su tambaye ni na Turawan. Akwai Wet Leg, wadda mata biyu suka kafa a wani tsibiri na Ingila. Faifansu na farko na 2022 ya ci kyautar Grammy a 2023, na biyu kuma ya fito a 2025. Kiɗan da daɗi, amma wasu kalmomin akwai rashin kunya ƙarara. Uwargida, in kin ga sunan a wayar 'yarki, kada ki fara da faɗa. Ki zauna ku ji tare, ki ce ta fassara miki. Nan za ki gane ko ta san abin da take rerawa.

Wadda ta saurari Eghass Malan ta rubuto mana ko ta ji ƙwaryar a ciki. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.