Wane Ne Sanatan Maraɗi?

Wani ɗan ƙanwata da ke jami'a ya zo hutu Gidan Rumji, ya tsinci ɗan littafi cikin akwatin takardun mahaifinsa, wanda tsohon malamin makaranta ne. Bangon littafin ya yage, shafukan farko ma sun bi shi, don haka babu shekara, babu sa hannu. Amma ko shakka babu kundin tsarin mulkin Nijar ne, da Faransanci. Yaron ya buɗe wani shafi ya miƙo mini.

"Kawu, a nan an ce majalisa biyu ce ke yin doka a ƙasar nan, ta dokoki da ta dattawa. To wane ne ya taɓa zama sanatan Maraɗi?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar zaure. Mutumin Gidan Rumji zai lissafa maka ƴan majalisar dokokin da gundumar ta tura Yamai, da jam'iyyar kowa, har da wanda ya gina rijiya da wanda bai sake leƙo gari ba. Sanata kuwa, daga Cadakori zuwa Gidan Sori, daga Saye Sabuwa zuwa Tsibiri, ba za ka sami wanda ya ce ya taɓa ganinsa ba. Ga shi kuma a rubuce cikin babbar dokar ƙasa.

Wani dattijo da muke zaune da shi bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Ɗana, wannan zancen Najeriya ne, rediyo ya rikita ku." Maganarsa tana da tushe. Mu da ke bakin iyaka, kalmar sanata daga can take shigo mana, tare da kaya da labarai. Najeriya tana da majalisar dattawa ta tarayya mai kujeru 109, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja. Jihohin kansu, irin su Katsina da Sakkwato, majalisa guda gare su.

Sai dai ba haka abin yake a da ba, kuma nan ne tarihin ya fi daɗin bi. A ƙarƙashin tsarin mulkin gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, Turawan Ingila sun kafa wa Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna. Ta biyun ita ce ta sama. Sarakunan yanka duka suna da kujera a ciki saboda rawaninsu, ba tare da ƙuri'ar kowa ba. Sarkin Musulmi Abubakar na III, Shehun Barno, Sarkin Kano, Sarkin Katsina Usman Nagogo, duk a zauren Lugard Hall suke haɗuwa. Da farko shawara kawai suke bayarwa, amma daga 1951 majalisun suka sami ikon yin doka, kuma a zamanin Firimiya Sardauna Ahmadu Bello doka sai ta bi ta gaban sarakuna. Ingila ta mulki Arewa ne ta hannun sarakunan, shi ya sa ta gina musu ɗaki irin na iyayen ƙasarta da ke Landan. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe wannan ɗaki, kuma da farar hula suka dawo a 1979 ba a sake buɗe shi ba.

A wannan gefen iyaka labarin daban ne. Faransa ta ɗauki sarki a matsayin ma'aikacin kwamanda: ya tara haraji, ya kawo ƴan aikin tilas, ya raba rigimar gona. Saboda haka Sarkin Katsina na birnin Katsina ya sami kujerar yin doka a Kaduna, takwaransa Sarkin Katsinan Maraɗi bai sami irinta a Yamai ba, haka ma Sarkin Gobir na Tsibiri. Abin lura, ba don ƙasar nan ba ta san majalisar manya ba ne. Gobir tana da majalisar Tara, Katsinan Maraɗi tana da Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka, masu zaɓen sarki, waɗanda sarki ba ya yanke babbar magana a bayan idonsu. Turawa sun bar su a fada, ba su kai su zauren doka ba.

To, amsar dattijon ba ta warware mana ba, domin littafin da ke hannun yaron sunan Jamhuriyar Nijar ne a cikinsa.

Sai wani malami ya kawo ta biyu: wataƙila zancen zamanin Turawa ne. Shi ma bai yi ƙarya ba, domin Nijar ta taɓa samun sanatoci. Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashen da Faransa ke mulka sun riƙa tura wakilai majalisunta, har da ta sama, wadda a lokacin ake kira Majalisar Jamhuriya. Issoufou Saidou Djermakoye, wanda daga baya ya hau gadon sarautar Doso, an zaɓe shi sanata a 1958. Amma kujerarsa a Paris take, cikin majalisar Faransa. A gida, abin da aka kafa a 1946 majalisa ɗaya ce ta yankin mulkin mallaka, ita ce ta rikiɗe ta zama majalisar dokoki. Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, Boubou Hama ya shugabance ta har zuwa ranar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974. Littafin yaron kuwa yana maganar kotun tsarin mulki da jam'iyyu barkatai, abubuwan da ba na wancan zamani ba ne.

Tun da bango ya ɓace, dole littafin ya faɗi shekarunsa da bakinsa. Nijar ta ga kundi da yawa: na 1960, na 1989 zamanin Ali Saibou, na 1992 bayan babban taron ƙasa, na 1996 zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, na 1999, na 2009, na 2010. Na ce wa yaron ya bar shafin majalisa, ya nemi inda ake maganar shugaban ƙasa. Ya karanta: wa'adi shekara 5, ana iya sabuntawa. Na ce ya duba ko an ce sau nawa. Ba a ce ba. Wannan kaɗai ya fitar da kundin 1999 da na 2010, domin su biyun sun ƙayyade wa'adi biyu, sun kuma hana a taɓa wannan aya. Ya ci gaba: shugaban ƙasa shi ne kuma shugaban gwamnati. Daga nan muka tsallaka shafukan ƙarshe, inda ake ajiye dokokin wucin gadi, sai ga shi ɓaro-ɓaro: shugaban da ke kan mulki zai ci gaba da riƙo har shekara 3.

Dattijon nan ya buga cinya ya ce, "Tazarce!"

Ita ce. Kundin jamhuriya ta shida ne, na Tandja Mamadou. Wanda ya rayu a 2009 zai tuna yadda abin ya bi da bi. Wa'adin Tandja na biyu zai ƙare a Disamba. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce zaɓen raba gardamar da yake so a kan sabon kundi ya saɓa wa doka. Ranar 26 ga Mayu ya rusa majalisar dokoki, ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, ƴan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince. Ranar 18 ga Agusta kundin ya fara aiki, da majalisar dattawa a cikinsa.

Saura rabin tambayar: tun da doka ta kafa ta, me ya hana a ga sanata ko ɗaya? Amsar tana cikin hanyar da aka tsara ta cika kujerun. Ba talaka ne zai jefa wa sanata ƙuri'a kai tsaye ba. Wani kaso shugaban ƙasa zai naɗa, sauran kuma a zaɓe su ta hannun wakilai, kuma a tsarin da muka gada daga Faransa, kansiloli ne ke irin wannan zaɓe. Ke nan sai an bi matakai. An yi zaɓen ƴan majalisar dokoki ranar 20 ga Oktoba 2009, adawa ba ta shiga ba, CEDEAO ta dakatar da Nijar. A ƙarshen Disamba aka zaɓi kansilolin ƙananan hukumomi. Kafin a zo kan dattawa, ranar 18 ga Fabrairu 2010, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka shiga fadar shugaban ƙasa ana cikin taron ministoci, suka kama Tandja, suka jingine kundin. Daga 18 ga Agusta zuwa 18 ga Fabrairu wata 6 ne cif. Majalisar ta zama kamar rumbun da aka kafa wa duwatsu, aka tanadi kara, damina ta rushe wurin tun ba a zuba damin hatsi ko ɗaya ba.

Kundin da jama'a suka amince da shi ranar 31 ga Oktoba 2010 ya koma majalisa ɗaya, mai kujeru 113, waɗanda aka ƙara zuwa 171 a zaɓen 2016. Ita ce ta zauna har juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

A ganina, ba bindigar Salou Djibo kaɗai ta kashe majalisar nan ba. Yadda aka haife ta ne ya hana kowa ya yi kukanta. Amfanin majalisa ta biyu shi ne ta ja wa mai iko da masu rinjaye linzami, ta ce a dakata a sake duba doka kafin ta faɗa kan jama'a. Wanda ya rusa majalisa da kotu a tsakanin wata guda da ƴan kwanaki saboda sun ce masa a'a, in ya zo da sabuwar majalisa da zai naɗa wa mutane da hannunsa, mutane za su karanta ta a matsayin wurin sallamar magoya baya, kuma ba za a ga laifinsu ba. Maƙwabta ma sun ɗanɗana. Blaise Compaoré ya yi ƙoƙarin kafa tasa a Burkina Faso a 2013, mutane suka cika titi suna cewa hanyar tazarce ce, har ya faɗi a 2014 ba ta zauna ba. Senegal ta kafa a 1999, ta rusa a 2001, ta dawo da ita a 2007, sannan Macky Sall ya soke ta a 2012 ya ce kuɗin su tafi ga waɗanda ambaliya ta shafa. Muritaniya ta soke tata a 2017.

Duk da haka, buƙatar da ake fakewa da ita gaskiya ce, kuma mu mutanen karkara muka fi jin ta. Dokar gona, dokar burtali da mashayar dabbobi, dokar kasuwancin iyaka, a Yamai ake rubuta su, a gulbin Maraɗi ake rayuwa da su. Da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, tsarin ya ba sarakunanmu kujera a majalisar gari, su yi magana a saurara, amma bai ba su ƙuri'a ba. Ko ya kamata a ƙara musu, ko a kafa ɗakin da jihohi za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, Difa mai mutane kaɗan daidai da Maraɗi mai yawa, magana ce da ta cancanci a yi ta a fili, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu, ba a cusa ta cikin kundin da aka ɗinka wa mutum ɗaya ba.

Maraɗi dai ba ta taɓa tura sanata Yamai ba, haka sauran jihohi bakwai. Duk ranar da aka sake kawo mana kundi don mu jefa ƙuri'a, in kun ga majalisar dattawa a ciki, ku tambayi wanda zai cika kujerunta, da kuma ko tana da ikon ce wa shugaban ƙasa a'a.